Agogon rana a tsakar gida: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyo, assalamu alaikum. Agogon ranar da nake haɗawa a tsakar gidanmu nan Maradi ya fara aiki. Na zuba faifan siminti na daidaita shi sumul, sannan mai walda ya kafa mini rodi a tsakiyarsa. Rodin ba a tsaye yake ba, ya ɗago ne da digiri 13.5 daga ƙasa, bakinsa na duban arewa, domin wannan ne nisan Maradi daga layin da ya raba duniya biyu, kuma ta haka rodin ke bin tsayuwar ginshiƙin da duniya ke juyawa a kansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zawali. A farkon Nuwamba inuwar rodin ta hau layin arewa da kudu, wato alamar zawali, wajen ƙarfe 12:15 ne a agogon waya, ba 12:00 ba. Dalilan biyu ne. An ɗora lokacin Nijar a kan layin digiri 15 na gabas, alhali Maradi tana wajen digiri 7, kuma kowane digiri minti 4 ne, saboda haka muna baya da kusan minti 32. Sannan ita kanta ranar ba ta tafiya da ƙafa ɗaya, domin hanyar duniya a kewayenta ba cikakkiyar da'ira ba ce, ginshiƙinta kuma a karkace yake da digiri 23.4. A farkon Nuwamba rana tana yin sauri da minti 16, waɗanda ake cirewa daga waɗancan 32 ɗin, a tsakiyar Fabrairu kuma tana ƙara makarar minti 14 a kansu, har zawali ya kai wajen 12:46.

To wane ne ke da gaskiya, inuwa ko waya? A 1687 masanin kimiyya Newton ya rubuta cewa lokaci yana gudana da kansa, ba ruwansa da komai. Amma ni da nake tsugune da alli a hannu, motsi kawai nake gwadawa da wani motsi, ban taɓa kama lokacin kansa ba. Ko daƙiƙar da ke cikin waya, tun 1967 ƙidayar kaɗawa 9,192,631,770 ce ta hasken da ƙwayar zarrar sinadarin siziyam ke fitarwa. Masanin kimiyya Einstein kuwa ya nuna cewa gudu da ƙarfin jan ƙasa suna sauya tafiyar agogo, shi ya sa agogunan taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna wa waya inda take, ke gaba da namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum. A ganina wanda ya fara da inuwa zai fi saurin karɓar wannan magana.

Hazo ya fara dushe bakin inuwar, don haka ku yi alama a tsakiyarta. Ina roƙon ɗan'uwan da ke Damagaram ya duba zawalinsa rana ɗaya da ni, domin a lissafi ya kamata ya riga mu da minti 7 zuwa 8.