Haɗa etanol daga gulukos a ɗakin gwaje-gwaje: inda aikin ke lalacewa

Yawancin ɗaliban da gwajin etanol ya ƙi yi musu, tun a kwana ukun farko suka yi asararsa, a wajen tsimuwa, wato lokacin da yis ke mayar da sukarin gulukos etanol (sinadarin barasa), kafin ma a kunna wuta.

A narkar da gulukos giram 50 a ruwa mililita 500 mai ɗumi kaɗan, a zuba yis na burodi giram 5, a toshe bakin fulas da roba mai huda. Tiyon da ya fita ta hudar sai ya nutse cikin ruwan kalsiyam haidiroksaid. Ruwan nan aiki biyu yake yi: idan ya koma fari kamar madara, ka san iskar kabon dayoksaid na fita, yis na aiki, kuma yana hana iska komawa cikin fulas. Wannan na biyun ne ake rainawa. Da zarar iska ta samu shiga, ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da etanol binega sun samu gindin zama, bayan kwanaki ka buɗe ka ji warin tsami.

Zafin da yis ke so shi ne digiri 25 zuwa 35. A sanyin hunturu, musamman da asuba, kumfa na iya tsayawa cik, sai a sa fulas cikin kwanon ruwan ɗumi. A zafin bazara kuwa, kada a ajiye shi kusa da taga, domin ya wuce digiri 40 yis ya fara mutuwa. Kwana uku zuwa bakwai, idan kumfa ta daina, an gama.

Kada a yi tsammanin yawa. Giram 180 na gulukos, ko komai ya tafi daidai, etanol giram 92 ne kawai. Ke nan giram 50 ba zai wuce kimanin giram 25 ba. Ƙara sukari ma yana da iyaka, don yis ba ya jure etanol da ya kai kashi 14 ko 15 cikin ɗari.

Mataki na gaba shi ne a dumama ruwan don etanol ya tashi a tururi a tara shi. Amma da farko a tace ruwan a raba shi da dusar yis, in ba haka ba zai yi kumfa ya haura cikin kondensa, wato bututun gilashin da ke sanyaya tururi ya koma ruwa. Kada ruwan ya wuce rabin fulas, a jefa 'yan ƙwayoyin fasasshen tangaran don tafasar ta tafi a hankali. Kan ma'aunin zafi ya tsaya daidai bakin reshen da tururi ke bi, ba cikin ruwa ba. Ruwan sanyi ya shiga kondensa ta ƙasa, ya fita ta sama. Etanol na kama wuta, saboda haka a dumama da na'urar lantarki, a nisantar da harshen wuta daga abin tara ɗigon.

Littafi ya ce etanol na tafasa a digiri 78, amma da ruwa mai rauni irin wannan, ma'auni zai nuna 90 da wani abu, kuma abin da ya ɗigo ruwa ne ya fi yawa a ciki. Ba kuskure ba ne. Sai an ɗora doguwar gorar gilashi mai cike da duwatsun gilashi a kan fulas kafin ya sauko kusa da 78. Ko da ita ma, kashi 95.6 ne iyaka, domin daga nan ruwa da etanol tare suke tashi.

Don tabbatarwa, a ɗiga kaɗan daga abin da aka tara cikin ruwan sinadarin fotasiyam daikuromet mai asid, a ɗumama: launin lemo zai koma kore. Ba a ɗanɗanawa, domin gilashin ɗakin gwaji ya sha sinadarai iri-iri.