Kyandir da y = mx + b

Sati guda ƙanwata tana haddar y = mx + b, wato lissafin miƙaƙƙen layi, kamar aku, amma da an ce ta zana layin sai ta zuba wa takarda ido. Jiya na gaji da bayani, na ɗauko kyandir mai tsawon santimita 20, na ce mu ɗauka yana cinye santimita 2 duk awa. Awoyin su ne x, tsawon kyandir ɗin kuma y.

"Kafin a kunna, tsawonsa nawa?" Ta ce ashirin. To, b ke nan, inda layin ya yanki sandar y, lokacin da x take sifili. Wasu littattafan c suke sawa a maimakon b, duk ɗaya ne.

A kan m, wato yawan hawa ko saukar layin a duk taku ɗaya, muka daɗe. Ta rubuta 2. Na ce, "Kyandir ɗin naki tsawo yake ƙarawa?" Ta fashe da dariya, ta sa alamar ragewa: y = -2x + 20. Duk taku ɗaya zuwa dama, layin ya gangara biyu. A ganina nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, suna kallon lamba su manta ko hawa ake ko sauka.

Da kanta ta ce, "Yaya, yaushe zai ƙare?" Ta mai da y sifili, ta samu awa 10.

Sai na ba ta 2y = 6x + 8. Nan take ta ce m shida ne. Ba ta raba da 2 ba.