Sa hannu a rajista da zazzaɓi a jiki

Duk wanda ya yi aikin ofis a Katsina ya san irin shugaban da ke ja wa rajista layi da jan biro da zarar takwas ta gota. Ka kira ka ce jikin ba daɗi, ya ce, "Malam, ai kowa daurewa yake yi." Daga nan ɓarnar ke farawa, musamman tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da mutane.

Sai ma'aikaci ya biya kemis, ya haɗiyi farasitamol biyu, ya tare Keke Napep. Zafin jiki zai sauka na awa huɗu zuwa shida, amma ƙwayar cutar tana nan tana hayayyafa a jini. Maganin maleriya irin Coartem sau shida ake shan sa cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas, a haɗa da madara ko abinci mai maiƙo. Da yawa kan ji sauƙi a rana ta biyu, su koma tebur, su manta da sauran. Zazzaɓi ya dawo, hutun kwana biyun da aka hana ya koma mako guda a gadon asibiti ana ƙarin ruwa. In kuma jiri ya sa ka ƙara sifili ɗaya a takardar biyan kuɗi, kai za a miƙa wa takardar tuhuma. Wanda ya ce ka daure ba zai tuna ya faɗa ba.

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, muddin likita mai rajista ya shaida rashin lafiyar. Ma'aikatan gwamnati kuma da nasu tanadin. Rubutun mai kemis ba ya shiga fayil. Yi kwafi biyu na takardar likita, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya, ka adana. Kiran waya ba shaida ba ne, tura saƙo a rubuce.

Tarin da ya wuce mako biyu, a je gwajin tarin fuka, kyauta ne, kafin hunturu ya sa a rufe tagogi. Mai afolo ya zauna gida. Dubiya da lemo abin godiya ne, sai dai abokin aikin da ya ce "bar mini fayil ɗin nan, je ka kwanta" ya fi rage maka nauyi.

Shi kuwa Yallaɓai, ranar da mura ta kama shi, direba ne ke kai masa takardu gida.