Godiya ga waɗanda suka riƙe mana gida har Inna ta samu hutu

Assalamu alaikum. A madadin gidanmu na Tudun Jukun a Zariya, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana lokacin da aka yi wa mahaifiyarmu aikin yanar ido a asibitin koyarwa na Shika. Alhamdulillahi, aiki ya yi kyau, yanzu Inna da kanta take zura zare a allura.

Waɗanda suka san gidanmu sun san ba kuɗi ne ya hana a yi aikin tun tuni ba. Yayanmu ne, wanda annobar sanƙarau ta 1996 ta kama yana yaro, ta bar shi ba ji, ba tafiya. Tun daga lokacin Inna ce wankansa, ita ce cinsa, ita ke tashi cikin dare ta juya shi. Ga kuma marayun da ƙanwarmu ta rasu ta bari. Duk ranar da aka ambaci asibiti, amsarta ɗaya ce: "To, in bar wa wa?" Kuma likita ya gindaya sharaɗi, bayan aiki ban da sunkuyo, ban da ɗaukar nauyi, ban da ƙura da hayaƙin murhu.

Gwaggo, ke da kika baro Giwa kika kwana da yara har aka gama ɗiga wa Inna magani a ido, ba mu da bakin gode miki. Matan Islamiyyar unguwa suka raba girki a tsakaninsu, mai Keke Napep na bakin layi ya riƙa kai yara makaranta bai karɓi ko sisi ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni, matasan masallacinmu. Da Malam Liman ya yi musu magana bayan Asuba, suka riƙa zuwa bibbiyu suna yi wa Yaya wanka da aski, cikin sutura da girmamawa, ba ƙyanƙyami. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta zauna ta koya musu juya shi duk bayan awa biyu, da duba ƙugu da diddige kada gyambon kwanciya ya kama. Na shiga wata rana da hantsi na tarar da ɗayansu yana shafa masa man kaɗanya a ƙafa, Inna kuwa tana barci a ɗaki, barcin da rabon da ta yi irinsa ni dai ban sani ba. Buhun masara taimako ne, wallahi, amma tsohuwa mai jinya ta fi buƙatar wanda zai ce mata, "Inna, je ki kwanta, ina nan."

Sauran ido ɗaya, za a yi shi nan gaba in Allah ya yarda. Matasan sun ce ko bayan haka za su ci gaba da zuwa duk Juma'a, don Inna ta samu ta leƙa dangi a cikin birni. Mai son shiga jeri ya sami Malam Liman. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku masu yi muku, ya jiƙan magabatanku.