Tauraro mai rigima a kudancin ƙauyen Kawu

Ranar Juma'a na bar Kano, na manta ranar kasuwar Wudil ce. Mun fi awa ɗaya a bakin gada, motocin shanu gaba da baya. Sai bayan la'asar na sauka Birnin Kudu, ɗan acaɓa ya ratsa da ni gonakin dawa har ƙauyen kawuna. Watan Oktoba ne, an yanke gero.

Ban da gaisuwa, duhu na je nema. A Kano fitilu da ƙura sun cinye sama. Bayan isha, da muka gama da tuwon dawa miyar kuka, na ɗauko madubin hangen nesa na fuskanci kudu.

"Ɗan nan, Kaza da 'Ya'yanta ta gabas za ta ɓullo," in ji Kawu. "Me ka ajiye a kudu?"

Na ce, "Kawu, wani ne da ido ba ya gani."

Manhajar wayata ta nuna mini wurin, da ƙyar na tsinci ɗan ɗigon. Sunansa AU Mic. Hasken da ya shigo idona ya yi kimanin shekara 32 a hanya. Jan wadan tauraro ne, nauyinsa kusan rabin na ranarmu, shekarunsa miliyan 20 da 'yan kai. Tamu ranar ta kai biliyan 4.6, wato shi jariri ne, kuma rigimarsa ta jarirai ce. Jikinsa duk manyan tabo, wuraren da zafinsu bai kai na sauran jikin ba sai su yi duhu. Yana juyawa sau ɗaya cikin kwana biyar ba kaɗan, don haka haskensa kullum cikin hawa da sauka yake. Ga kuma tartsatsi: maganaɗisunsa ya murɗe, ya tsinke, wuta ta yi feshi ba sallama.

A cikin wannan hayaniyar na'urar TESS, wadda hukumar NASA ta Amurka ta harba sararin samaniya a 2018, ta gano wata duniya da ke zagaye tauraron. An sanar a 2020. Faɗinta ya ninka na tamu kusan sau huɗu, tana zagaye shi cikin kwana takwas da rabi. Daga baya aka ga ta biyu, mai kusan kwana 19. Ba hotonsu aka ɗauka ba. In ɗaya ta gifta gabansa, haskensa kan ragu da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Kawu ya yi shiru, ya nuna aci-balbal ɗin da Inna ta ajiye a bakin zaure, iska na kaɗa harshenta. "Wato ka tsaya can bayan gari ka ce ƙwaro ya gifta gaban wannan? Yaya za ka raba shi da iska?"

Wallahi tambayar ta fi wadda ɗalibaina ke yi mini. Na ce tartsatsi ƙara haske yake yi, kuma ba shi da lokaci. Ita kuwa duniyar rage shi take yi, ba ta kuma saɓa ranarta.

"Kamar kasuwar Wudil ke nan," ya ce, yana dariya. "Kai ne dai ba ka ƙirga ba."

Ya karɓi madubin, ya daɗe yana lalube, ya ce shi hatsin taurari kawai yake gani. Sanyin kaka ya kore mu ɗaki kafin sha ɗaya. Ranar Lahadi na juyo da ƙullin gyaɗa, gadar Wudil fayau.