Karnukan mahaƙa kwal: ziyarata zuwa Ashington

Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Newcastle kan ci awa uku ko kusa da haka. Daga can na sauya zuwa wani ƙarami mai zuwa Ashington, a kan layin da aka sake buɗe wa fasinjoji a Disambar 2024 bayan shekara 60 yana rufe. Ɗan yayata ne ya ja ni can. Aikin jinya yake yi a yankin, kuma ya daɗe yana mitar cewa duk zuwana Ingila a Landan nake ƙarewa. Watan Fabrairu ne, iskar Tekun Arewa kuwa ko riga uku ka jibga sai ta same ka.

Ashington garin mahaƙa kwal ne tun asali. Nan aka haifi Bobby Charlton da yayansa Jack, waɗanda suka ci wa Ingila kofin duniya a 1966. Ramukan duk an rufe su. Na Woodhorn da ke gefen gari ya daina aiki a 1981, yanzu gidan tarihi ne, kuma a ciki aka rataye zane-zanen wasu mahaƙa da suka fara koyon zane da yamma a 1934. Abin da idonsu ke gani kullum suka zana: ramin, tattabarun tsere, 'yan lambunan bayan gari, da wani siririn kare mai dogon wuya da ɗamammen ciki. Shi ne wifet, whippet a rubutun Turawa.

"Kawu, in kana son ganinsu da rai ba a bango ba, maƙwabcina yana da uku," in ji yaron.

Maƙwabcin dattijo ne da ya haura 70, ubansa da kakansa duk a ramin suka ƙare ƙarfinsu. Tun kafin mu shiga yaron ya gaya masa ba na son kare ya lashe mini tufafi saboda salla, shi kuwa bai ɗauke shi da zafi ba, ya ba ni kujerar katako a gefe tunda masu taushin duk karnukan sun riga ni. Ya ce dokin sukuwar talaka ake kiran wannan kare a zamanin iyayensa. Ranar Lahadi a kai su fili mai tsawon yadi 200, wani ya riƙe kare a wannan ƙarshen, mai shi ya tsaya a wancan yana kaɗa tsumma yana ihu. Daƙiƙa goma sha 'yan kai an gama, wani ya ci kuɗin cefanen mako, wani ya koma gida da haushi. Sauran ranaku kuma karen ya kamo zomo a sa a tukunya. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Birtaniya ba ta amince da shi a matsayin jinsi ba sai a 1891. Yau kuwa, tun da dokar 2004 ta hana gasar sakin karnuka a kan zomon daji, leda suke bi wadda inji ke ja.

Ƙaramin cikinsu wata huɗu gare shi, ya riga ya gaigaye ƙafar tebur. Famfara yake yi: haƙoran nono 28 na zubewa, na girma 42 na fitowa, aikin da kan kammala wajen wata shida zuwa bakwai. Doka a can ba ta yarda a sayar da kwikwiyo kafin ya yi mako takwas ba, kuma tun 2016 dole a sa masa 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa. Amma abin da dattijon ya fi nanatawa shi ne hana shi gudu. Ƙafafun wifet kan riga hankalinsa girma, ƙasusuwansa kuma ba sa gama ƙwari sai ya shekara ko ya ɗan haura. Ka bar shi ya riƙa tsala gudu da manya yana dira daga bene, ka jawo masa ciwon da zai bi shi har tsufa. A wannan lokacin ne kuma ake koya masa amsa kira, don da ido yake farauta, da zarar ya hango abu na motsi kunnensa ya toshe.

Da hantsi muka kai macen cikinsu bakin teku a Newbiggin, tafiyar 'yan mintoci a mota. Aka kwance karyar, mai shekara uku. Tsayinta bai kai rabin mita ba a kafaɗa, amma irin su kan kai kilomita 56 a awa. Bayanta na lanƙwashewa yana miƙewa, yashi na tashi, kafin in gyara tsayuwa ta zama ɗigo. Ta kewayo sau biyu, ta dawo tana haki, shi ke nan an gama na ranar. Sauran yinin barci ne. Ta tuna mini da karnukan Buzaye da na taɓa gani a yankin Azawak ta wajen Tawa, sai dai waɗancan sun fi tsayi, kuma zafin rana ne ya ƙera su, ba sanyi ba. A haƙarƙarinta akwai dogon tabo na ɗinki. Waya ce mai ƙaya ta shafe ta. Fatar wifet sirirya ce, gashin gajere, ba kitse a ƙarƙashi, abin da wani kare zai wuce da ƙwarzane shi sai an ɗinke.

Wannan rashin kitsen da ke ba shi gudu, shi ne ke zame masa nauyi a tsufa, kuma a jikin babban nasu na gan shi. Shekararsa 13, irin su kuwa kan rayu 12 zuwa 15. Furfura ta cinye masa baki har zuwa idanu, idanun sun yi shuɗi-shuɗi, cinyoyin da a da suke cure da tsoka sun zube. Ko a cikin ɗaki da riga a jikinsa. Shimfiɗarsa katifa ce mai kauri da bargo biyu, nesa da ƙofa, don in ya kwanta a ƙasa mai tauri ƙashin gwiwa da na ƙugu ne ke cin fatar har ta yi gyambo. Daga kicin zuwa ƙofar baya an jera tsofaffin dardumai, tun ranar da ƙafafunsa suka zame a kan tayil ya kasa tashi.

Dattijon ya ɗaga masa leɓe ya nuna mini giɓi. Haƙora da yawa an cire su. Ya ce da ya san haka da tun yana kwikwiyo ya saba masa da buroshi kullum, kamar yadda yake yi wa ƙaramin yanzu. Cire haƙori sai an sa kare barci, sirarran karnukan gudu kuwa sai likitan dabbobi ya yi taka-tsantsan wajen zaɓen maganin, ya kuma lulluɓe su da kyau, don jikinsu na saurin yin sanyi. Ga shi likita ya ji wani sauti a zuciyarsa, alamar murfin da ke tsakanin ɗakunanta na hagu ya fara yoyo, abin da ke yawan samun tsofaffin karnuka. Saboda haka duk wata shida sai an duba shi, a gida kuma ana lura da tari da yadda yake numfashi in yana barci.

Sai ya juya tafin ƙafar gaba. A tsakiyar ɗan tudun yatsa akwai wata kanta mai tauri, zagayayya. Ita ce ke sa shi ɗingishi a kan kwalta, amma ya taka lafiya lau a kan ciyawa ko yashi. Mutane da yawa, in ji shi, kan ɗauka ciwon gaɓɓai ne su yi ta ɗura wa kare magani, alhali abin yana ƙarƙashin ƙafa. Farcen ma ya fi saurin tsawo tunda ba gudun da zai cinye shi, duk mako biyu sai an rage. Abinci kuma an jiƙa shi, an raba kaɗan-kaɗan sau uku.

Ba duk abin da na gani ne ya shige ni ba. Rigar barci mai zanen taurari da 'yarsa ta saya wa karen, wannan kam son zuciyar mutum ne. Amma darduma da buroshi da duba tafin ƙafa ba kuɗi suke ci ba, lura suke ci. Mafi wuyar aikin ma, a cewarsa, shi ne tsohon karen bai san ya tsufa ba. Yana ganin karyar ta zabura zai bi ta, washegari ya kasa hawa mota. Don haka shi kaɗai ake fita da shi, gajeren zagaye safe da rana da yamma, igiya a wuya.

Da za mu tashi na kasa yin shiru. Na ce, "Baba, a shekarunka ka ɗauko kwikwiyon da zai iya kai 15?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce sai da 'yarsa da ke Morpeth ta yarda za ta karɓe shi duk ranar da ya gaza, sannan ya biya kuɗin. Shi ya sa kowace Asabar a gidanta kwikwiyon ke kwana, don ya saba da ita da yaranta tun yanzu.