Mako na shida da tsohon kekena a unguwar Aboabo, Kumasi

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran keke. Yau mako shida ke nan da na sayi keken nan na hannu, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema. Tayarsa inci 26 ce, giyarsa Shimano. Ranar sayen abu biyu na duba: ko ƙarfen jikinsa ya tsage a wajen walda, sai kuma ko ya yi daidai da tsayina. Fenti kam duk ya koɗe, ban damu ba.

Wannan makon sarƙa ce ta sha mini kai. Kumasi gari ne na tudu da gangare, duk wanda ya taka keke daga Kejetia zuwa Manhyia ya san haka. Da na danna feda da ƙarfi a kan tudu sai in ji ƙwas, ƙafata ta zame. Na kai wa wani dattijo mai gyara a unguwarmu, ya ɗauko rula ya ɗora a kan sarƙar. Ya ce, "Yaro, zo ka gani da idonka." Daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, don haka gaɓa 24 ya kamata su ba da inci 12 cif. Tawa ta zarce da kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci. Na ce, "Baba, to a sa sabuwa." Ya girgiza kai, ya nuna mini haƙoran giyar baya, sun cinye sun yi tsini kamar ƙaya. Sabuwar sarƙa ba ta zama a kan tsofaffin haƙora, zamewa za ta ci gaba da yi. Dole na sayi duka biyun, kuɗin fitila da kariyar ɗaukar kaya suka tafi a nan. Na ji zafin abin, amma jiya na hau tudun nan ko sau ɗaya ba ta zame ba.

Ku auna taku tun ba ta ci haƙora ba, don Allah.

Feda kuma ta ɓata mini yamma guda. Ta hagu zarenta a juye yake: ɓangaren da agogo ke juyawa ake murɗa ta kafin ta kwance. Ni ina ta ƙara ɗaure ta da sifana mai lamba 15 ban sani ba, har tafin hannuna ya yi ja.

Sirdi na ɗaga shi har sai da ƙafata ta miƙe idan na ɗora diddige a feda tana ƙasa, ciwon gwiwa ya ragu sosai. Man sarƙa kaɗan nake ɗigawa in goge da tsumma, domin idan ya yi yawa ƙurar hunturu ce ke mannewa.

Saura robar birkin baya, ta kusa ƙarewa. In Allah ya kai mu Asabar ita zan canza, kafin nan ba na bin gangaren Adum da gudu.